Zanen da Na Riƙe wa Gwaggo

Abin da na fara gani da muka shiga ɗakin yara na asibitin nan na Shinkafi shi ne farcen matar da ta miƙo hannu ta karɓe ka. Akwai lalle a jikinsu, amma ya tsaya a rabi: daga tsakiya zuwa baki ja ne mai duhu, daga tsakiya zuwa gindi fari tas. Na tsaya ina kallon hannun har Gwaggo kakarka ta zungure ni ta ce in gai da mutane. Ni kuwa tunani nake, domin na san yadda lalle yake tafiya a farcen Innarmu bayan salla. Kafin ya kai rabi sai an yi wata biyu ko kusa da haka. Na ce a raina wannan matar ta daɗe ba ta zauna an yi mata ƙunshi ba.

Abbati, ina rubuta maka wannan a bayan littafin makaranta, na ajiye sai ranar da ka iya karatu da kanka. Abubuwa ake faɗa a gidanku na Zurmi, kana ji kana girma da su. Ana cewa lokacin da ka yi ciwo uwarka zaune take kamar dutse, ko kallonka ba ta yi ba. Ana cewa abin da ya sa Gwaggo take ɗaukar buta ta fita duk lokacin da aka zuba maka abinci shi ne cinka yana ba ta tsoro, kai ma har ka fara yarda kana dariya. Wasu kuma suna cewa Luba ce ta cece ka. Ni ce Luban, ƙanwar uwarka, kuma ina wurin daga farko har ƙarshe. Ba haka abin ya faru ba.

Shekararka ɗaya da wata uku. A daminar nan ba a yi noma a ƙauyenku ba, domin mutanen daji sun hana kowa zuwa gona, har aka kwashe aka dawo cikin garin Zurmi aka kama ɗaki. Babanka ya tafi kudu neman abin da za a ci, ga layin waya an katse a ƙasarmu duka, ba a jin labarin kowa sai a bakin direbobi. Gudawa ta kama ka ta ƙi tsayawa, gashinka ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunka suka kumbura. Gwaggo Ige, wato kakarka ta wajen uba, ita ta goyo ka ta zo gidanmu a Kaura, can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Yaya Hassatu uwarka tana biye da ƙunshin kaya. Aka ce musu a Shinkafi ne ake kwantar da masu irin wannan ciwo na tamowa, a ba su madara kyauta. Muna cikin dogon hutu, sai Inna ta ce in bi su, ko wanki da ɗibar ruwa in riƙa yi. Shekarata goma sha huɗu, kuma a ajinmu malamai sun san rubutuna fiye da muryata.

Matar mai rabin lalle sunanta Sista Rakiya. Ta zauna da alƙalami da kati, ta dube mu mu uku.

“Wace ce uwar yaro?”

Yaya Hassatu ta juya ta kalli bango.

“Ga ta nan,” in ji Gwaggo, “amma ni ka renon shi.”

“Ɗan fari ke nan. To sunanshi fa?”

“Ai ni ma ba ni faɗi, Likita. Sunan maigidana marigayi anka sa mishi.”

Sista ta ajiye alƙalami ta yi dariya. “Uwa ba ta faɗi, kaka ba ta faɗi. Ke ’yar makaranta, ko ke ma surukinki ne?”

Na ce, “Abubakar,” da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Wannan ce kalma ta farko da na faɗa a asibitin, kuma kusan ita kaɗai ce na kwana uku.

Ka san al’adarmu. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Kai kuma naka ya ninka, domin sunan surukinta gare ka. Ba wanda ya ga laifin Yaya, yabonta ma ake yi, ana cewa yarinya mai kunya. Tun da aka yaye ka a hannun Gwaggo kake, ita take goyonka, ita take kiranka Maigida, tana yi maka tsiya wai ka tsufa ka bar ta da wahala.

Aka saka ka a wani bahon roba da aka rataye da igiya a jikin ma’auni, aka naɗa maka ɗan zare mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan ja. Sista ta kawo ƙaramin kofi mai layi a jiki ta yi mana bayani. Madarar nan magani ce, in ji ta, kaɗan-kaɗan ake ba yaro, a zaune, ba a kwance ba, kuma ba a tilasta masa. In an ga ba ya iya shanyewa, to sai an sa masa siririyar roba ta hanci a riƙa zuba masa. Ba su da ƙararrawa, sai dai ta buga cokali a ƙafar gadon ƙarfe, kowa ya san lokacin madara ya yi.

Gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya mai irin robar nan a hanci. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa. Gwaggo ta bi uwar da kallo har ta fita da ita a naɗe, sannan ta sunkuyo ta ce mana:

“Kun gani ko? Duk yaron da anka sa ma robar ga, likkafani ka biyo baya. Ran da sunka kawo ta kusa da Maigida, ran nan za mu kama hanyar Zurmi. In mutuwa ce, shi mutu ɗakinmu.”

Yanzu na san waɗanda ciwonsu ya fi tsanani ake sa wa robar, shi ya sa wasu ba sa tashi, kuma da yawa ita ce take tashinsu. A lokacin ban san yadda zan faɗa ba, ko da na sani ma bakina ba zai buɗu ba. Kai kuwa ka ƙi kofi. In Gwaggo ta kai maka baki sai ka kau da kai, ka yi wani kuka marar ƙarfi kamar na ɗan akuya. Gwaggo ta ga in kofi bai ƙare ba roba za ta zo. Sai ta koma ga abin da ta sani, wato ɗura, yadda ta reni babanka da ’yan’uwansa. Ta ciro zanenta na atamfa mai zanen ganye, ta ce in tsaya in buɗe shi kamar mai kare wanda yake sake tufafi. A bayan zanen sai ta kwantar da kai a cinya, ta tara tafin hannunta a bakinka, ta zuba madara a ciki, ta toshe maka hanci da yatsa. Ka rasa numfashi ka buɗe baki, madarar ta shige, kana shure-shure kana shaƙewa. Wata ta shiga ciki, wata ta dawo ta hanci, wata ta jiƙa mata zane. Kafin Sista ta zagayo kanmu kofi ya zama wayam.

“Madalla da Maigida,” Sista take cewa, ta shafa kanka ta wuce.

Ni ce mai riƙe da zanen, Abbati, har kwana biyu. Wannan shi ne abin da ba a faɗa a gida, domin ba wanda ya sani sai mu uku. Kada ka ce Gwaggo mugunta take yi. Tana yi tana cewa, “Yi haƙuri Maigida, saura kaɗan, kar su sa maka roba.” Uwarka kuma ta ba mu baya tana fuskantar bango. Wanda ya hango daga nesa zai ce ba ruwanta. Amma ni ina tsaye kusa da ita, ina ganin babban yatsan ƙafarta yana ƙwaƙular siminti, ina ganin yadda take murɗa bakin hijabinta har zare ya fara warwarewa.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi. Da azahar Gwaggo takan ɗauki buta ta tafi alwala, kuma layin famfo yana da tsawo. Tana fita, Yaya sai ta zuro hannu ta gefen gado, fuskarta har yanzu tana ga bango, ta kama ƙafarka, ta riƙa murza tafin da babban yatsa a hankali. Kukanka sai ya tsaya. Idonka ya daina yawo, bakinka ya ɗan buɗe. Rana ta biyu na ga ta ɗauki kofin, akwai ragowar da bai fi cokali ɗaya ba a gindi, ta ɗora a leɓenka, ka haɗiye da kanka ba wanda ya toshe maka hanci. Sai muka ji tafiyar Gwaggo. Takalminta ɗaya an ɗaure shi da waya, yana ƙarar jan ƙasa tun daga nesa. Hannun Yaya ya koma cikin hijabi kamar ba a yi komai ba.

Ran kwana na uku ka tashi da tari da zazzaɓi, numfashinka yana sauri, ƙasan haƙarƙarinka yana shiga ciki. Sista ta durƙusa ta ɗage rigarka tana kallon agogonta. Ta dubi kofi, ta dube mu.

“Kofi yana ƙarewa, yaro yana baya. Akwai abin da ban gane ba. Gwaggo, ya yake sha?”

“Lafiya lau shina sha, Likita.”

Sista ta yi maka allura, ta ce in gobe da safe haka kake, roba za ta sa. Tana juya baya Gwaggo ta fara haɗa kwanoni tana cusawa cikin buhu a hankali, don kada a lura. Na san abin da hakan yake nufi. Asubar fari za mu fita, mu kama hanyar da ko masu lafiya sai da addu’a suke binta, da kai a goye kana wannan numfashi.

Na so in yi magana, amma Sista ba ta tsayawa wuri ɗaya. Su biyu ne kawai ma’aikata da rana a ɗakin da gadaje suka cika har an shimfiɗa katifu a ƙasa. Dafaffiyar gyaɗa take zubawa a aljihu, ita ce abincinta, tana tafe tana ɓarewa. Ta yanke bayan takalmanta da reza saboda kumburin ƙafa. Salla a ɗakin ajiyar kaya take yi tsakanin kwalaye, kafin ta sallame an tsaya ana jiranta. In ruwan sama ya sauko ita take jan gadaje daga inda kwano yake yoyo. Sau biyu na bi ta har bakin ƙofa, ta waiwayo ta ce, “Mene ne, ’yar makaranta?” sai in ce ba komai. Ta yaya yarinya kamata za ta kai ƙarar tsohuwa, uwar mijin yayarta?

Sai na tuna da littafin aikin hutu da na taho da shi. Na zagaya bayan ɗaki na yagi takarda. Sau uku ina rubutawa ina yagawa, domin duk yadda na sa sai in ga kamar na zagi Gwaggo. A ƙarshe ga abin da na bari: “Gwaggo tana yi masa ɗura don tsoron roba. Gobe za ta tafi da shi. Yana sha da kansa in uwarsa ta riƙe shi, amma ba ta iyawa a gaban Gwaggo.” Na ninke na jefa cikin bahon ma’auni, domin ita kaɗai take taɓa shi. Ina kallo ta ɗauka ta karanta, ta sa a aljihun gyaɗa, ta ci gaba da auna wani yaro. Ko inda nake ba ta duba ba. Na koma na zauna ina jiran ta zo ta yi wa Gwaggo faɗa a gaban jama’a.

Da la’asar ta buga cokali a ƙafar gado, ta ƙara bugawa har ɗakin ya yi tsit.

“Kakanni, ku saurara. An sake doka. Daga yau lokacin madara ɗakin nan na uwaye ne. Kakanni duka gindin dogon yaro, na sa an shimfiɗa muku tabarmi.”

“Wa ya kafa wagga doka?” in ji wata tsohuwa daga Moriki.

“Ni, Baba, yanzun nan a gabanki.”

Aka yi dariya, tsofaffi suka fara tashi suna mita. Gwaggo ba ta motsa ba. Sista ta zo ta rusuna a gabanta kamar mai gai da suruka.

“Gwaggo, Maigida ya aiko ni. Wai ki ɗan ba shi wuri, yana da magana da uwarshi.”

“Shekara arba’in ina ba maigida abinci, ba a taɓa korata daga gindin akushi ba.”

“Ba kora ba ce, hutu ne. Ni ma da ɗura aka rene ni, Gwaggo, ga ni da raina. Amma ni da ƙarfina aka yi mini. Wannan ƙirjinshi ba ya iya tare ta, hanyar numfashi take bi, ita ce tarin nan da kike ji. Ki ba ni yau da gobe. In bai sha da kanshi ba, ni da ke za mu zauna mu yi maganar roba, ba zan sa a bayan idonki ba.”

A hankali ta faɗa, ba wanda ya ji sai mu. Gwaggo ta miƙe ta ɗauki butarta, ta tsaya a kaina.

“Wanda ya riƙe zane shi ya ga abin da ke bayan zane,” ta ce, ta wuce tana jan takalminta.

Gwaggo ta fita, amma Yaya ta kasa motsi, domin ɗakin cike yake da matan ƙasarku, kuma magana ba ta da wuyar kaiwa Zurmi. Sista ta ɗauko zanen nan mai ganye daga kan gado ta miƙo mini.

“Riƙe mana, ai kin saba.”

Na buɗe shi kamar yadda na yi kwana biyu ina yi, kunya kamar in nutse. Sista ta shiga ciki ta ɗora ka a ƙirjin uwarka a zaune, ta nuna mata yadda za ta karkata kofi madara ta taɓa leɓe kawai, ta jira. Sannan ta fita ta bar ku. Kowa ya gama, an fara wanke kofuna, ku ba ku gama ba. Hannuwana suka sage, ban sauke ba. Ina jin Yaya tana magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da ban taɓa jin tana da ita ba, tana ce maka, “Sha kaɗan, ɗan nan nawa, sha don Allah, ni ce.” Ban ji ta faɗi sunanka ba, har yau ma ban taɓa ji ba. Amma da na leƙa ta saman zane na ga tsakiyar kanka ta jiƙe, kuma ba da madara ba. Rabin kofi ka sha a zaman nan. Kafin magariba ka ƙarasa. Washegari da hantsi Sista ta ɗaga kofin ta duba, ta shinshina zanen gado ko an zubar da madarar, ta ce a bar maganar roba tukuna. Gwaggo ta kwance buhunta.

Ba a banza na sha ba. Har muka bar asibitin Gwaggo ba ta yi mini magana ba. In na kawo mata koko sai ta ce da matar gadon kusa, “Ce ma ’yar bokon nan ta aje.” A gindin dogon yaro ta gaya wa tsofaffi cewa akwai yaran da bakinsu a rufe yake amma alƙalaminsu ya fi wuƙa. Ta ce sai ta faɗa wa Innarmu irin tarbiyyar da makaranta take yi. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ranar da muke wanki da Yaya a bakin famfo, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

“Luba, ke Kaura za ki koma. Kin san ɗakin da ni za ni koma?”

Can sai ta ɗauki rigarka ta matse, ta ce, “Jiya ya kama mini yatsa.”

Tsofaffin nan da aka kora waje sun rasa abin yi, sai ɗaya ta gano bishiyar lalle a jikin katangar baya. Suka tsinko suka daka a kan dutse, suka zauna suna ƙunsa wa juna kamar gidan biki. Ina gefe ina wanke kofuna ranar da Sista ta zo wucewa da bokiti, Gwaggo ta kamo hannunta ta juya shi tana duba farcen. Ashe ba ni kaɗai nake gani ba.

“Likita, mace da aurenta da wanga hannu? Zauna in cike miki shi.”

“A’a Gwaggo, wannan ba mai taɓa shi. ’Yata Ummi ta sa mini ran da zan taho daga Kaura, shekararta bakwai, duk ta ɓata mini yatsu. Ta ce in dawo kafin ya ƙare.”

“Kaura ai ga ta nan, ba nisa.”

“Ga ta nan. Mai karɓata ta taho sau biyu ana mayar da motarsu daga hanya. In na tafi, wa zan bar wa waɗannan? Babanta ya aiko direba ya ce in zaɓa, ko aiki ko gida. Ban ba shi amsa ba tukuna.” Ta ajiye bokitin ta dubi farcenta. “Ni hanya ta hana ni taɓa tawa, Gwaggo. Hassatu kuwa nata yana gabanta, kamu ɗaya.”

Gwaggo ta saki hannun a hankali. Da aka buga cokali na gaba, ita ta riga kowa tashi.

Mun yi kwana goma sha shida. Kumburin ya saɓe ka koma siriri kamar tsinke, har Gwaggo ta tsorata, Sista ta ce ai yanzu ne aka ga ainihin Maigida, daga nan sai hawa. Aka mayar da kai kan abincin gyaɗa na cikin leda, kana tsotsa kana ɓata fuska da shi. Ran da aka sallame mu Sista ta karɓi littafina, ta ɗora hannunta a shafin baya ta zagaye shi da alƙalami, ta shafa baƙi a bakin kowane farce daidai inda lalle ya rage. Ta kwatanta mini gidansu a Kaura, ta ce in kai wa Ummi in ce mata saura wannan. Na kai. Yarinyar ta auna da nata yatsa ta ce ai kaɗan ya rage. Sista ba ta samu zuwa ba sai da lallen ya ƙare da mako biyu, Ummi ta yi fushin yini ɗaya ta huce. Aikin ma ba ta bari ba, an dai mayar da ita kusa da gida daga baya. In mun haɗu a kasuwa har yau ’yar makaranta take ce mini, kuma ba ta taɓa tayar da maganar takardar nan ba.

A motar dawowa ban ga komai na hanya ba, tunani ɗaya nake. An ba mu abincin gyaɗa na makonni, an ce uwa ta riƙa ba ka a hankali. Amma a Zurmi babu Sista, babu cokali da ƙafar gado, babu doka. Ɗaki ɗaya ne, Gwaggo a ciki, maƙwabta suna shiga suna fita. Yaya za ta koma ta fuskanci bango, domin abin da aka koya mata ke nan, kuma ba ta da bakin da za ta ce wa uwar mijinta ta ba ta wuri. Kai kuma na riga na ga hannun da kake ci a cikinsa.

A tashar Kaura muka rabu. Motar Zurmi ta kusa cika, Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa da kai a cinya, Yaya tana can ciki. Na yi sallama na juya, na yi taku kamar goma, na dawo. Na durƙusa a ƙasa gaban ƙofar motar, cikin caɓin ruwan sama, mutane suna kallo. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa. Karo na farko ke nan da ta yi mini magana kai tsaye tun ranar la’asar ɗin nan.

“Mi ne ne kuma? In takarda ce ki riƙe abarki, ni ban iya karatun boko ba.”

Amsar roƙon da na yi mata a ranar ba da baki ta bayar ba. Kai kake ganinta kullum sau uku a gidanku, in ta ɗauki buta tana cewa cinka yana ba ta tsoro. Ni dai na kama bakin zanenta mai ganye, na ce:

“Gwaggo, ki yafe mini. Alfarma ɗaya nake roƙo. In an kawo abincin Maigida, don Allah ki riƙa tafiya alwala, ko da lokacin salla bai yi ba.”